Ciwon dajin fata: Ina gaskiyar maganin "sitem sel" da ake tallatawa a WhatsApp?

Na yi niyyar wannan makon mu ƙarasa maganar yaye, sai wani saƙo da wata 'yar uwa ta ajiye a ƙasan rubutun makon jiya ya hana ni sakat. Yaye ya ɗan jira mu.

Ɗanta zabiya ne, shekararsa 19. Wata biyar ke nan da wani ɗan miki ya fito masa a gefen kunne. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Likita a asibitin garinsu ya duba ya ce bai gamsu da shi ba, ya ba su takarda zuwa asibitin koyarwa domin a yanki ɗan nama a gwada. Da jin kalmar yanka hankalin gida ya tashi. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta turo mata bidiyon wani gari da ke zuwa a 'yar leda, ana zuba shi a ƙarƙashin harshe, sunansa "sitem sel", wai Turawa sun gano yana kashe daji ba tare da an sa wa mutum wuƙa ba. Tambayarta ita ce ta sayar da tumakinta biyu ta saya, ko ta kai shi a yanka.

'Yar uwa, ki kai shi. Gobe in da hali. Kada ki sayar da ko kaza saboda wannan gari.

Sauran rubutun dalili ne, domin na san maƙwabciyar za ta dawo ta ce ai har a manyan jami'o'in Amurka ana bincike a kan sitem sel da ciwon daji. A nan ba ta yi ƙarya ba, ana yi. Ni ba likita ba ce, amma na daɗe ina bin labarin wannan bincike, kuma abin da ake yi a can da abin da ke cikin ledar ko hanya ba su haɗa ba.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Yawancinsu sun riga sun kama sana'a, wannan ta jini, wannan ta tsoka, wannan ta fata, kuma idan sun tsufa mutuwa suke yi. Amma akwai 'yan kaɗan da ba su da sana'a sai haihuwa. Idan ɗaya ta rabu biyu, guda ta tafi ta maye gurbin wadda ta mutu, guda ta zauna tana jiran wata haihuwar, kamar irin da manomi ke ɓoyewa a rumbu ba ya yarda a yi tuwo da shi. Su ne sitem sel ɗin. Bari mu kira su ƙwayoyin asali. A fata suna zaune a can ƙasan shimfiɗar sama da kuma gindin gashi, kuma su ne dalilin da fatarki ke sabunta kanta kusan duk wata guda ba tare da kin sani ba.

Masu 'ya'ya masu sikila sun san wannan maganar, ko da ba da wannan suna ba. Dashen ɓargo dashen ƙwayoyin asali ne na jini, kuma a Najeriya an fara yin nasararsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Ku dubi yadda ake yinsa. Sai an nemo wanda jikinsa ya dace da na mara lafiya, galibi shaƙiƙi. Sai an kwantar da yaro makonni a ɗaki na musamman, an kashe tsohon ɓargonsa da magunguna masu ƙarfi, sannan a saka masa rayayyun ƙwayoyi ta jijiya. Ku riƙe kalmar nan, rayayyu, za mu dawo kanta.

A ɓangaren fata, labarin ya fara ne a 1975, lokacin da wani masani a Amurka mai suna Howard Green tare da ɗalibinsa James Rheinwald suka gano yadda za a raini ƙwayoyin fatar mutum a faranti su yi ta yaɗo har su zama shimfiɗa. A 1983 aka kawo wasu yara biyu wa da ƙani asibiti a Boston, wuta ta cinye fiye da kashi 95 cikin 100 na fatarsu. Daga 'yar fatar da ta tsira aka yanki kaɗan, aka raine ta a ɗakin gwaji, aka shimfiɗa musu. Sun rayu.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na wani yaro ɗan gudun hijira daga Siriya, mai shekara 7, da aka kwantar a asibitin yara na birnin Bochum a Jamus a 2015. An haife shi da wata cutar gado da ke sa fata ta saluɓe da an ɗan taɓa ta. Ya kai ga mafi yawan jikinsa ɗanyen nama ne, likitoci sun fara shirya iyayensa don rabuwa. Sai aka tuntuɓi wani masani a birnin Modena na Italiya, Michele De Luca. Aka yanko fatar da ba ta fi faɗin babban yatsa biyu ba, aka gyara gurɓataccen sashen gadon da ke cikin ƙwayoyinta, aka raine su, aka mayar wa yaron kusan kashi 80 cikin 100 na fatar jikinsa. A farkon 2016 aka sallame shi, ya koma makaranta, har ƙwallo yake bugawa. Da aka sake duba sabuwar fatar bayan watanni, sai aka ga 'yan tsirarun ƙwayoyin asali ne ke riƙe da ita gaba ɗaya.

Irin waɗannan labarai ne masu talla ke jingina da su. Amma ku lura, wannan gyaran fata ne, ba maganin daji ba.

To ina daji ya shigo? Ya shigo ta wata tambaya da ke damun likitoci tun da daɗewa: me ya sa ƙari yake dawowa bayan an ga kamar ya tafi?

Duk wadda ta taɓa nome aya-aya a tsakar gida ko a gona ta san amsar da wasu masana ke zato. Ki share ganyen tas, ruwa ɗaya ya sauka, ta sake fitowa, saboda 'yar ƙwayar tana can ƙasa. Suka ce wataƙila shi ma ƙari yana da nasa ƙwayoyin asali, 'yan kaɗan da ke haifar sauran, waɗanda magani ke tsallakewa.

Cédric Blanpain na Jami'ar Brussels a Beljiyam ya shafe shekaru yana bin wannan sawu a fatar ɓeraye. Dabararsa ita ce ya sa wa ƙwaya ɗaya alamar launi, ta yadda duk 'ya'yanta da jikokinta za su gaji launin. A 2012 ya nuna cewa a cikin ƙarin fatar ɓera yawancin ƙwayoyi suna rabuwa kaɗan su tsaya, wasu 'yan tsiraru kuwa ba sa gajiya, su ne ke cika ƙarin. A 2018 ɗakin bincikensa ya koma kan nau'in dajin fata da ya fi yawa a duniya, wanda likitoci ke kira basal. Akwai maganin sha da Amurka ta amince da shi tun 2012 don wanda ya yi nisa, sunansa vismodegib. Yana motsar da ƙarin, amma a wurin mutane da yawa da an daina sha sai ya dawo. Suka gano wasu ƙwayoyi ne ke lafewa kamar masu barci har magani ya wuce. Da suka haɗa shi da wani magani na biyu mai toshe hanyar da masu lafewar ke rayuwa da ita, ƙarin ya ɓace a mafi yawan lokuta. A ɓeraye.

Abin da ya sa na yarda da masu bincike fiye da masu talla shi ne su ba sa jin kunyar ƙaryata juna. A kan melanoma, wato dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma wanda ya fi sauran saurin yaɗuwa, wata tawaga a Boston ta ce a farkon 2008 kusan ƙwaya ɗaya cikin miliyan ce ke iya haifar sabon ƙari. Kafin shekarar ta ƙare Sean Morrison na Jami'ar Michigan ya sake gwajin da ɓerayen da garkuwar jikinsu ta fi rauni, ya samu kusan ɗaya cikin huɗu. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan ɗaya cikin huɗu ce, to maganar nemo 'yar ƙwaya guda a kashe ta ba ta taso ba, gonar duka iri ce.

Wani binciken kuma kwantar da hankali ne ga masu yawan tawadar Allah. Yawancin tawadar Allah suna ɗauke da irin gurɓacewar gadon da ake samu a melanoma, amma kusan dukkansu haka suke zama har mutum ya tsufa. A 2016 Leonard Zon na asibitin yara na Boston ya yi amfani da wani ɗan ƙaramin kifi mai zane kamar jakin dawa, ya shirya shi yadda duk ƙwayar da ta koma halin ƙwayoyin ɗan tayi za ta yi hasken kore. Suka zuba ido. Daga ɗigon kore guda ɗaya ƙari ke tashi. Ma'ana gurɓacewar kaɗai ba ta isa ba, sai ƙwayar ta manta sana'arta ta koma jaririya.

Wannan duk binciken gano maƙiyi ne. Akwai kuma masu son su mayar da ƙwayoyin asali makami.

An gwada hanya mafi sauƙi tun a shekarun 1980: a ba mai melanoma magani mai tsananin ƙarfi, sannan a mayar masa da ɓargonsa. Ƙari kan ja baya na ɗan lokaci ya dawo, aka bar hanyar. Daga baya, a 2006, Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda za a mayar da ƙwayar da ta riga ta kama sana'a ta koma ta asali, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2012. Da wannan dabarar wata tawaga a cibiyar RIKEN ta Japan ƙarƙashin Hiroshi Kawamoto ta ɗauki sojan garkuwar jiki da ya iya gane melanoma, ta mayar da shi ƙwayar asali, ta sa ya hayayyafa sababbin sojoji masu jini a jika waɗanda ba su manta fuskar maƙiyin ba. An wallafa wannan a 2013, kuma a faranti aka yi shi.

A 2017 kuma Khalid Shah na Harvard ya yi wata dabara da ta burge ni. Wasu ƙwayoyin asali suna da ɗabi'ar bin sawun ƙari duk inda yake. Sai ya loda musu ƙwayar bairos ta ƙurajen bakin nan da ke fitowa bayan zazzaɓi, wadda aka gyara ta yadda za ta fasa ƙwayoyin daji, ya saka su ta jijiyar wuya, suka kai kayan har cikin ƙwaƙwalwa inda melanoma ta yaɗu. Waɗanda aka yi wa sun fi daɗewa a raye. Su ma ɓeraye ne.

Kun ji na yi ta maimaita ɓera, kifi, faranti. Da gangan ne. Tsakanin ɓera da ɗanki akwai shekaru na gwaji, kuma yawancin magungunan da suka yi aiki a ɓera ba sa kaiwa kantin magani. Babu wani maganin ƙwayoyin asali da aka amince da shi don dajin fata, a Amurka ko Turai ko Japan.

Ba wai ba a samu ci gaba ba. An samu, amma ta wata ƙofar, ta tayar da garkuwar jiki. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter yana da shekara 90 a 2015 aka gano melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka gasa da haske, aka sa shi a kan wani magani mai suna pembrolizumab. A watan Disamba na shekarar ya sanar cewa hoto bai nuna komai ba, kuma sai da ya cika shekara 100 ya rasu a ƙarshen 2024. A Fabrairun 2024 kuma Amurka ta amince da lifileucel, inda ake yanko ƙarin mutum, a tsamo sojojin garkuwar da ke ciki, a ninka su zuwa biliyoyi, a mayar masa. Ƙwayoyi ne rayayyu, amma ba na asali ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne ƙarinsa ke ja baya, kuma kuɗinsa ya haura dala dubu 500. Na faɗi kuɗin ne don ki auna: abin da ƙasa mafi arziki ke sayarwa haka kuma ba ya yi wa kowa aiki, shi ne za a kawo miki a leda a bakin kuɗin tumaki biyu?

Mu buɗe ledar. Ki karanta jikin kwalin, galibi za ki ga tuffa da inabi da wasu 'ya'yan itatuwa. Wato ƙwayoyin tsiro ne, an busar, an niƙe. Matattu ne. Ko da rayayyu ne, ƙwayar tuffa ba ta zama fatar mutum, kuma duk abin da ya bi ta maƙogwaro ciki narkar da shi yake kamar yadda yake narkar da tuwo. Idan kin ga lambar hukuma a jiki, ba shaidar cewa yana warkar da daji ba ce. Su kansu asibitocin kuɗi masu yin allurar ƙwayoyin gaske ba tare da izini ba sun yi ɓarna. A 2017 wata babbar mujallar likitoci ta ba da rahoton tsofaffin mata uku a jihar Florida da suka biya dala dubu biyar-biyar aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido, suka rasa gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

Ban ce maƙwabciyarki muguwa ba ce. Wataƙila ita ma an sa ta zuba kuɗi ne an ce ta nemo masu saye. Garin kansa ma mai yiwuwa ba zai yi wa ɗanki komai ba. Abin da zai cinye shi ne watanni, kuma watanni ne kaɗai jarin da kuke da shi.

Ga dalili. Zabiya ba shi da isasshen launin da ke tare zafin rana, don haka dajin fata ya fi kama su ninkin-ba-ninkin a ƙasashe irin namu, tun suna matasa, kuma yawanci nau'in da ake kira sikwamos ne, a fuska da kunne da leɓe da wuya. Wannan nau'in idan ƙarami ne aka cire shi da ɗan naman gefensa, mafi yawan mutane suna warkewa sarai, sau da yawa ma allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin a sallami mutum ran nan. Idan aka bar shi ya ci guringuntsi ya gangara kaluluwar wuya, magana ta canza.

Na san abin da ke ranki, domin duk da shi muka tashi: wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Kowa ya san wata da aka yi wa aiki ba ta daɗe ba ta rasu. Amma ki tambaya shekara nawa ta yi tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida kafin a kai ta. Wuƙar ta zo ne bayan ciwon ya riga ya yi gaba, sai ta ɗauki laifin jinkirin. Yanko ɗan nama don gwaji ba ya yaɗa dajin fata. Kuma ki sani, zai iya yiwuwa sakamakon ya fito ba daji ba ne. Ba za ki sani ba sai an gwada.

Ku kuma da ke cewa wannan matsalar zabiya ce da Turawa, ku ɗan tsaya. Baƙar fata tana karewa sosai, amma namu dajin yana fitowa ne inda ba a duba. Melanoma a jikin baƙar fata ta fi son tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta fito a 1977, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Ki riƙa duba tafin ƙafar Baba da na Inna idan kina yanke musu farce, musamman baƙin tabo mai girma ko mai canza kama, ko baƙin layi a farce da ke faɗaɗa. Sai kuma tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya shekara bai warke ba. Waɗannan kan rikiɗe su zama daji bayan shekaru masu yawa. Yaron da ya faɗa murhu yana rarrafe zai iya kai shekara talatin kafin tabon ya buɗe. Idan ya buɗe, ko bakinsa ya yi tudu, ko ya fara wari, asibiti.

Ga masu renon zabiya ƙanana kuwa, aikin na yau da kullum ne. Malafa mai faɗin baki da ke rufe kunne da ƙeya, domin hula ba ta rufe su. Riga mai dogon hannu mai kauri. Kada a aike su ko a ɗora musu talla daga hantsi zuwa la'asar, kuma ki je makaranta da kanki ki roƙi malamai kada a tsayar da shi a rana, ko a taron safe ko don horo. Man kariya daga rana mai lamba 50 a duk inda tufa ba ta rufe ba, har da leɓe da bayan kunne, a sake shafawa idan ya yi gumi. Na san tsadarsa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci, abin da ya ba ƙungiyoyin zabiyoyi hujjar matsa wa gwamnatoci su samar da shi. Ki nemi reshen ƙungiyarsu a jiharki, sukan san inda ake rabawa da inda ake duba fata. Idan kin shafa fatarsa kin ji wani wuri yana kaushi kamar yashi kuma ba ya tafiya, ki nuna wa likita. A wannan matakin daskarar da wurin kawai ake yi da wani ruwa mai tsananin sanyi, cikin 'yan mintuna.

'Yar uwa mai saƙo, idan kun je ki tafi da takardar likitan farko. Ki tambayi ranar da sakamako zai fito da wanda za ki nema, ki karɓi lambar waya, domin takarda kan kwanta idan ba a bi ta ba. Ki ce a taɓa wuyansa a duba kaluluwa, a kuma duba sauran jikinsa, ba kunnen kaɗai ba. In an cire, ki tambaya ko gwaji ya nuna an cire duka har gefe. Idan kuɗin mota ko na gwaji ya gagara, a nan ne tunkiya ɗaya za ta yi amfani. Allah Ya ba shi lafiya. Ki dawo nan ƙasa ki gaya mana yadda aka yi, muna jira.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan yaye, daga inda muka tsaya a maganar kunun gyaɗa.